Sunan da Babu a Takardar Sarki

An ce an taɓa yin wani sarki wanda babu abin da yake ƙauna kamar sanin asalinsa. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, don haka ya tashi da ƙishirwar labarin mutanensa. Da ya hau gadon sarauta sai ya tara malamai, suka tono abin da aka rubuta daga bakin kakansa, suka shirya masa doguwar takarda: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har kaka na goma sha tara. Sarki ya haddace su tas, har da garuruwan da aka binne su. Amma ka tambaye shi wa ya haihu a dangi bana, ko wa ke kwance ba lafiya, sai ya waiwayi waziri. Shi kuwa waziri goro kawai yake aikawa, ba ya taka ƙafa ko'ina.

Ana nan, washegarin cika-ciki, lokacin da kowa ya ci tuwon sabuwar shekara har ya kasa sunkuyawa, sarki ya bi ta marina da 'yan rakiyarsa. Sai wani marini mai suna Nomau ya ɗago daga bakin rijiyar rini, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya ce da ƙarfi, "Kai rago, jiya ka bar wa mutanen gidanka ko loma, ko kai kaɗai ka share tukunyar? Dubi tumbi!"

Dogarai suka yi caraf da shi, sai fada. Da aka tambaye shi dalili, ya ce shi wasa yake yi da taubashinsa. Taubasai dai su ne ɗan mace da ɗan namiji, 'ya'yan wa da ƙanwa ko na yaya mace da ƙanenta, kuma a irin wannan rana duk abin da suka faɗa wa juna ba laifi ba ne.

Nan fa kan sarki ya ɗaure. Ya sa aka ɗauko takarda, malamai suka bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, suka sake daga ƙasa har sama. Kakan sarki 'ya'ya uku ya haifa, duk maza. Mahaifiyar sarki kuma ita kaɗai ce wurin iyayenta. To, ta ina taubashi zai fito? Waziri ya ce mutumin ko mahaukaci ne ko mara kunya, kuma ko wanne ne bai dace da gari ba. Sarki ya yanke hukunci: Nomau ya kwashe iyalinsa ya bar garin kafin sallar Juma'a. Bai tambayi su wa ke cikin iyalin ba.

Sai dai hankalinsa bai kwanta ba. Ya ga masu laifi da yawa, kowa jikinsa rawa yake. Wannan kuwa kallonsa ya yi irin kallon da ake yi wa ƙane idan ya sa riga a baibai. Kwana uku sarki yana juya takarda, yana ƙara rikicewa, har ya fara zargin ko malaman sun tsallake layi, ko shi ne ya manta ƙidaya.

Ranar Juma'a da hantsi wani tsohon wanzami mai suna Shekarau ya dogaro sanda ya zo fada. Ya haura tamanin, ya daɗe da ajiye aska, amma shi ya yi wa gidan sarauta askin suna tun zamanin kakan sarki. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, kakanka 'ya'ya nawa ya haifa?"

Sarki ya ce, "Uku. A rubuce yake, kuma daga bakinsa aka rubuta."

Tsoho ya ce, "To, ni kai huɗu na aske a gidansa ranar suna. Alƙalami yana iya mantuwa, amma aska ba ta aske kan da babu."

Ran sarki ya ɓaci, ya tambaye shi ko yana nufin kakansa ƙarya ya yi.

"Bai yi ƙarya ba, ya sarki, kunya ya ji. Kai da kanka, ka taɓa kiran sunan ɗanka na fari?"

Gaskiya ne, sarki bai taɓa ba. "Wancan yaron" yake ce masa, kamar yadda kowane uba mai kunya ke yi, kuma in aka tambaye shi 'ya'yansa, daga na biyu yake farawa.

Sa'an nan tsohon ya warware masa zancen a hankali. Kakan sarki mace ya fara haifa, ana ce mata Tasalla. Da aka yaye ta, kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta riƙo zuwa unguwar marina. Can ta girma, can ta yi aure, can ta haifi Nomau. Da marubuta suka zo wurin kakan, bakinsa ya yi nauyi, ya tsallake 'yar fari, su kuwa suka rubuta abin da suka ji. Yanzu ta tsufa, ido ya tafi, kullum tana cewa tana so ta taɓa fuskar ɗan ƙanenta kafin ta mutu. Sau uku Nomau yana zuwa ƙofar fada da wannan saƙo, sau uku masu gadi suna duban hannunsa su kore shi. Shi ya sa ya jira ranar da ba a hana taubashi magana.

Sarki ya shiga lissafi da yatsu. Ya ce wato Nomau ɗan yayar ubansa ne. Waziri ya ce a'a, ai jikan kakansa ne. Malamai suka ce ai duk ɗaya ne, waziri ya ce ba ɗaya ba ne. Ana cikin wannan gardama sai sarki ya tambayi inda tsohuwar take. Shekarau ya ce ai tana cikin iyalin da aka kora, tun sassafe suka fita.

Sarki bai jira laima ba, ya fita, waziri da dogarai na biye da shi. Ya tarar da su a bayan ganuwa, gindin wata tsamiya, an sauko da tsohuwar daga jaki tana hutawa. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Gwaggo." Kalmar ta yi masa baƙo a baki, don bai taɓa faɗa wa kowa ita ba.

Ta shafa goshinsa da hancinsa, ta ce na ƙanenta ne sak. Ba ta ambaci kora ba. Sai ta shiga tambayarsa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, da wanda ya yi ƙyanda bara, da wanda ya sauke karatu. Duk daga bakin masu kai fura cikin gidan sarki take tattara labarin. Daga baya ta ce, "Ina ƙaramar, Hadizatu? Ƙafar da kunu ya ƙona ta warke kuwa?"

Sarki bai san ma ta ƙone ba. Kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo masa, bai share ba. Nan take ya janye hukuncin, ya ce shi da kansa zai ja jakin su koma gari. Nomau ya ce ya ja da kyau, don rago bai saba aiki ba, kuma wannan karon babu dogarin da ya motsa.

A ƙofar gari suka iske Shekarau zaune yana haki, don ya biyo su da sandarsa. Sarki ya ce masa ya gode Allah da ya tsare shi daga zaluntar jininsa.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, da ba jininka ba ce fa? Da makauniyar nan ta kwana a daji saboda magana ɗaya da ɗanta ya yi, kuma da ba ka ji komai ba."

Sarki, riƙe da igiyar jaki, ya dubi tsohuwar. Can ya juya ga waziri, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Daga yau kada a kawo mini mai laifi sai an gaya mini su wa ke ci daga hannunsa. Hukunci ba ya sauka kan mutum ɗaya, kuma mai adalci sai ya san gidan da zai faɗa kafin ya sake shi."