Rigar da Ba Ta da Ƙulli

Can a wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki da kalmar "gwani" ta ishe shi. Mai tuyar ƙosai gwana, mai kora jaki gwani, ko atishawa bafade ya yi sai maroƙa su ce gwani. Sai ya sa aka yi shela cewa a cikin maɗinkan birni mutum ɗaya tak za a kira da wannan suna, wanda ya neme shi bisa ƙarya kuwa ya bar gari.

To, akwai wani tsohon maɗinki wai shi Nomau, mai wuni shi kaɗai a zaurensa. Da can su biyu ne a tabarmar, shi da amininsa Jatau. Duk rigar da ɗaya ya gama, ɗayan zai juya ta baibai ya duba, don a can ciki ne maɗinki ke gane hannun ɗan'uwansa. Shekara goma sha biyu ke nan da Barau, shugaban maɗinkan fada, ya yi wa Jatau ƙazafin satar alharini, aka kore shi. Nomau ya san ƙarya ce, amma tsoro ya rufe masa baki. Abin na cin ransa har lokacin, kuma tun ranar ba wanda ya ƙara juya masa riga.

Waziri mutum ne mai dabara. Ya ce kowane maɗinki ya kawo mafi kyawun aikinsa, ya shimfiɗa riguna bakwai gaban sarki ba tare da suna ba, ya ce kowa ya nuna wadda ta fi. Maɗinka suka bi suna shafa ƙirjin riguna suna jinjina kai. Nomau kuwa ya durƙusa yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta biyar sai ya tsaya yana ƙare wa cikinta kallo.

Waziri ya ce, "Tsoho, me ka gani?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta fi tawa nesa ba kusa ba. Duba cikinta, babu ƙulli ko ɗaya. Mutum ɗaya na sani mai ɓoye bakin zare haka, sunansa Jatau. Sharri aka yi masa ina kallo, na yi shiru."

Barau ya yi wuf ya ce rigar aikinsa ce. Waziri bai musa masa ba, ya dai miƙa masa allura da zaren tsamiya ya ce, "To, rufe mana layi ɗaya ba ƙulli." Barau ya yi ta fama, gumi na tsiyaya, zare na warwarewa. Daga ƙarshe ya faɗi yana tuba, ya ce a kayan Jatau ya ɗauke ta ranar da aka kore shi.

Sarki ya sa aka fitar da Barau daga gari, ya aiki manzo don ya zo da Jatau cikin girma. Kwana tara Nomau yana share zaure, har sabuwar tabarma ya shimfiɗa.

Manzo ya komo shi kaɗai. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, Jatau ya rasu tun damina waccan. 'Yarsa ta ba ni allurarsa, wai ya bar wasiyya a kai wa Nomau."

Sarki ya ce a wanke sunan Jatau a kowace kasuwa. Ya dubi Nomau ya ce, "Wanda ya ga aikin da ya fi nasa ya faɗa a gabana, shi ne Gwani."

Aka buga tambura, gari ya ɗauka Gwani, Gwani. Nomau dai bai ji daɗin komai ba. Ya koma zaure ya ƙarasa rigar da ke hannunsa da allurar Jatau, ya juya ta baibai, ya ajiye ta a kan sabuwar tabarmar, a gefen da amininsa ke zama.