Ummi Mai Japananci

Akwai wani mai gyaran waya da ake kira Injiniya. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, idan ta fita da safe sai yamma, don haka shi ke tafiya shago da 'yarsu Ummi tun tana koyon tafiya.

Ummi akwai ƙiriniya. Yau ta zubar da ƙananan kusoshi, gobe ta miƙa hannu ga ƙarfen soda mai zafi da yake liƙe kayan waya da shi. Da abin ya ishe shi, sai ya ɗauko wata tsohuwar waya da mai ita ya yasar, cike da finafinan katun na Japan. Ya shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin tebur, ya maƙala mata abin ji a kunne. Shi ke nan, shago ya yi tsit.

A kwana a tashi, Ummi ta fara magana, amma da Japananci. Ka ba ta ruwa, ta ɗan rusuna ta ce, "Arigato." Ba malami ba littafi, ji kawai.

Kan Injiniya ya kumbura. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha labari. "Wasu na can suna fama da makaranta," in ji shi, "tawa a kwance ta kwashe yaren."

Rannan mahaifiyarsa ta zo ganin likitan ido, ta biyo ta shagon. Ganinta ya yi rauni sosai, da murya take gane mutane. Ita aka yi wa takwara da Ummi.

"Ina takwarar tawa? Zo nan, uwar ƙiriniya. Me kika ajiye mini?"

Ummi ta leƙo, ta yi wata doguwar magana, ta koma.

"Me ta ce?"

Injiniya ya yi dariya. "Wallahi Inna ni ma ban sani ba. Japananci ne."

"Wa ya koya mata?"

"Ba kowa! Abin da take ji kullum ne ya zauna mata."

Tsohuwa ta ce, "To ai kai ma haka ka koya. Kana goye ina wanke-wanke ina yi maka surutu, har maƙwabta na cewa na zare. Ita kuma muryar wa take ji?"

Dariyar ta maƙale masa. Ya yi ta laluben ranar da ya taɓa yi wa 'yarsa magana wadda ta wuce "bari", "zauna" da "ungo", bai samu ba. Kunya ta rufe shi, har ya kasa haɗa ido da tsohuwar da ba ta ma ganinsa sosai.

Ya ture wayar da yake gyarawa, ya durƙusa ya kutsa ƙarƙashin teburin, kansa na gugar katako. A hankali ya cire mata abin kunnen. Bai san ta ina ake farawa ba, sai ya kama ba ta labarin ranar da agwagwa ta bi shi da gudu yana yaro, har wandonsa ya zame.

Ummi ta zuba masa ido kamar baƙo. Da ya kai ƙarshe, ta taɓa gemunsa, ta harhaɗo 'yar Hausar da take da ita.

"Baba, kai ma kana hira?"

Injiniya ya buɗe baki zai amsa, hawaye suka riga shi.

Darasi: Yaro ba ya zaɓen abin da zai koya, muryar da ta fi zama a kunnensa ita yake ɗauka. Koyon yaren wasu abin so ne, amma kada waya ta riga ka zama abokin hirar ɗanka. Ku tura wa duk uba ko uwar da ke miƙa waya don a samu shiru.