Rariyar da Aka Toshe

An yi wani hakimi a garin Kwarin Gawo, sunansa Mamuda, mutum ne mai son ya ga garinsa ya bunƙasa. Wata rana wani ɗan kwangila ya kawo masa zanen gidaje ɗari uku, ya ce fili ya isa, sai dai a cike kududdufin yammacin gari a ɗora gini a kai. Hakimi ya ji daɗi, don ya gaji da ganin ma'aikata da 'yan kasuwa suna cunkushe a gidajen haya. Amma da ya dubi fada, sai ya ga Magaji Barmo, dattijon da yake ba shi shawara, ya yi shiru.

"Magaji, ba ka ce komai ba."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Zanen nan ya tuna mini da labarin Injiniya Larai."

Hakimi ya ce, "Yaya labarinta yake?"

Barmo ya gyara zama ya ce, "A wani gari kudu da mu, wani attajiri, Alhaji Ɗantsoho, ya ɗauki Larai ta tsara masa unguwa. Ba ta ja layi ko ɗaya ba sai da damina ta faɗi. Duk ranar da aka yi ruwa, sai ta fita da lema da turaku, ta bi ruwan a ƙafa, inda ya karkata ta kafa turke, inda ya kwanta ta kafa turke. Da ta gama, ta ce wa Alhaji fuloti arba'in ba na gini ba ne, hanyar ruwa ce.

"Alhaji ya fusata. Ya ce, ''Yar nan, gini na kira ki ki yi, ko kiwon kwaɗi?'

"Ta russuna ta ce, 'Baba, in ka yarda in ba ka labarin mai rumbu da gafiya, bayan nan in ka ce in tafi, sai in tafi.'

"Ya ce, 'Ina jin ki.'

"Ta ce, 'Wani magidanci ne gafiya ta dame shi, tana shigowa ta rariyar katanga tana ɗibar masa dawa. Da rani ya kwaɓa laka ya toshe rariyar, ya kwana yana yabon dabararsa. Ruwan farko da aka yi, tsakar gida ta cika, ruwa ya rasa mafita, ya jiƙa gindin rumbu, rumbu ya kife, katanga ta bi shi. Yana tsaye hannu a ka, sai ga gafiya a kan ɓaraguzai. Ta ce, Maigida, ai ƙofar nan ba tawa ba ce, aro nake yi. Ga mai ƙofar nan ya zo.'

"Larai ta ce, 'Baba, garin neman gira kada a rasa ido.'

"Alhaji ya juya maganar a ransa. Can ya ce, 'Je ki yi yadda kika gani.'

"Ta bar kwarin da ruwan yake bi a buɗe, ta dasa masa itatuwa a gefe don kada ƙasa ta zaizaye. Ta haƙa lambatu masu faɗi, dukansu suna gangarawa can. Ta hana a malale tsakar gidaje da siminti kaf, ta ce a bar wa ƙasa bakin shan ruwa. Magina suka yi ta gunaguni, ba ta kula ba.

"Bayan shekara huɗu aka yi wani ruwa tun hantsi har la'asar. Unguwar da ke maƙwabtaka da su, wadda aka gina a kan tafki, ruwa ya kai tagogi, mutane suna fitar da tsofaffi a goye. A unguwar Larai kuwa, kafin magariba titi ya tsane. A nan ma aka sauki waɗanda ruwa ya kora. Har yau rijiyoyinsu ba sa ƙafewa da rani, mata kuma suna noman alayyafo a bakin kwarin."

Barmo ya numfasa ya ce, "Ranka ya daɗe, kududdufin nan shi ne rariyar garinmu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

Hakimi ya sunkuyar da kai. Ya tuna yadda ruwan unguwanni biyar yake gangarawa kududdufin duk damina, ya rasa inda zai nufa in an cike, in ba ɗakunan talakawansa ba. Ya ji kunyar saurin da ya so yi, ya kuma ji girman matar da bai taɓa gani ba.

Ya ce wa ɗan kwangila, "A sake zane. Kududdufi da hanyoyin da suke kai masa ruwa, kada a taɓa su."

Ɗan kwangila ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gidajen za su ragu."

Hakimi ya ce, "Su ragu. Na fi son gidan da in hadari ya taso, mai shi zai yi hamdala."