Lambar Da Ta Ƙi Rabuwa

A zamanin da, fari ya koro mutanen wata ƙasa, suka zo neman mafaka wurin wani Sarki. Aka ƙidaya su, mutum dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Hakimai suka shiga gunaguni, kowa na tsoron a ɗora masa fiye da ɗan'uwansa. Sarki ya hasala, ya rantse a raba baƙin daidai wa daida, wanda ya saura kuwa a mayar da shi inda ya fito.

Waziri Jatau aka ba aikin. Ya kasa su gida biyu, ɗaya ya saura. Ya gwada uku, ya gwada huɗu, har goma, kullum ɗaya na saura. Kuma kullum wata tsohuwa ce mai suna Tabawa, domin ƙafa ta hana ta sauri, ita ke zuwa ƙarshen sahu. Ta dubi Waziri ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. In ni ce matsalar, a ba ni ruwa a gora in kama hanya."

Maganar ta tsaya wa Waziri a rai. Ya tafi wurin Malam Ƙasimu, masanin hisabi, ya kwashe labari ya faɗa masa. Malam ya daɗe yana zane a ƙasa, sa'an nan ya ce, "Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ita ce mafi ƙanƙantar lamba da ke rabuwa ga kowane adadi daga ɗaya zuwa goma. Da ka ƙara mata ɗaya, dole ɗaya ya riƙa saura. Na gwada abin da ya wuce goma ma, ta ƙi. Tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai ga ɗaya, ko ga kansu."

Waziri ya koma fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, an sami rabon da babu saura. Masana sun tabbatar adadin nan ba ya rabuwa sai ga ɗaya. Hakimanka da yawa suke, amma na duba ƙasar nan kaf, ɗaya ne kawai ba shi da na biyu."

Sarki ya sunkuyar da kai, domin dama rantsuwar tana damunsa. Can ya yi murmushi ya ce, "Ka kama ni, Waziri, kuma na gode. Dukkansu baƙina ne."

Aka buɗe rumbunan Sarki, aka yanka musu fili a bakin kogi suka kafa gari. Ranar tashi, Waziri ya sauka daga dokinsa ya ɗora Tabawa, ya riƙe linzami da kansa, ita ce ta fara shiga.