Ƙaramar Hudar Sarewar Tao Ruan

Ranar tara ga watan ƙarshe na sanyi, da hantsi, wani maharbi mai suna Tao Ruan ya harbe gauraka a fadamar da ke gindin ƙauyensu, can cikin duwatsun ƙasar Sin. Masu ba da labarin sun ce a zamanin ba a san ƙarfe ba, bakin kibiya ma dutse ne.

Ruan ba ƙaramin maharbi ba ne. Kirarinsa shi ne: "Kibiya ɗaya, tukunya goma, mai karanta sawu a kan ƙanƙara." Amma shekarar yunwa ce, 'yarsa tana kwance, daji kuma ya yi tsit. Ya san ba a taɓa gauraki, domin da su ake sanin lokacin shuka. In suka sauka fadama suka yi rawa, ƙasa ta narke har ciki, bayan kwana uku sai a fita da irin gero. Wanda ya harba kuwa shi ne mai kiran garken. Sauran suka tashi, ba su dawo ba.

Mutane suka yi shuka da ka, sanyi ya dawo ya ƙone tsiron. Da shekara ta zagayo, dattawa suka yanke hukunci: in gauraki ba su sauka ba kafin wata ya cika, Ruan da 'yarsa za su bar ƙauyen. Bayan duwatsun nan babu komai sai ƙanƙara da kyarkeci.

Ruan ya ɗauki ƙasusuwan fikafikan gaurakar guda biyu da ya ɓoye, ya je wurin ƙanwar mahaifinsa, Goggo Yun, makauniyar masaƙiya.

"Goggo, na kashe muryar da ke kiran su."

Ta shafa ƙashin, ta ji shi dogo, cikinsa fayau. "Nama ka ci, Ruan. Ka ci muryar ne? Tana ciki. Je ka buɗe mata ƙofa."

Ya kama huda da tsinin dutse don ya yi sarewa. Garaje ya sa ƙashin farko ya tsage a huda ta biyar. Na biyun sai ya auna shi da zare, kullum huda ɗaya, yana busawa yana tuno kukan da ya sha ji tun yana yaro. Da ya gama ta bakwai ya busa wa Goggo.

"Wannan agwagwa ce mura ta kama," in ji ta.

Ga shi babu ƙashi na uku. Ya ce zai toshe huda ta bakwai da ƙaro. Ta ce, "Ɓarnarka ce, bar ta a gani. Yi wata kusa da ita, kamar ƙwayar gero." Ya yi. Da ya sake busawa, karnukan ƙauyen duk suka ɗaga kai sama.

Kwana uku yana busa a fadama. Gauraki suka zo, suka yi ta shawagi, suka ƙi sauka. A rana ta ƙarshe Goggo Yun ta sa aka jawo ta, ɗauke da farar riga wadda hannayenta suka kai ƙasa.

"Sun ji ɗan'uwansu, suka duba ƙasa suka ga maharbi. Ba ni sarewar. Kai sa wannan."

Mutumin da damisa ke kauce wa ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin taɓo, ya buɗe hannaye, ya rusuna, ya yi tsalle. Jama'a suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kibiya ɗaya, ƙafa ɗaya!" Ya faɗi sau biyu, ya tashi ya ci gaba.

Rana na tsaka sai gauraka ɗaya ta sauko, an ce matar wanda ya harba ce. Ta tsaya gabansa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rusuna. Garken ya biyo ta, dariya ta ɗauke. Bayan kwana uku aka fita shuka. Ruan ya rataye bakansa a ɗakin Goggo, bai ƙara ɗauka ba.

Ƙauyen shi ne ake kira Tudun Gauraki. Duk shekara kafin shuka tsohuwa ce ke busa, namiji ke rawa cikin farar riga mai dogayen hannaye, kuma dole ya faɗi sau biyu. Da gora ake yin sarewar yanzu. Hudarta bakwai ce, da ƙarama kusa da ta ƙarshe.