Hannu na Biyu

Akwai wani mutum a benen da na tashi a garin Tanta na ƙasar Masar, ana ce masa Ustaz Shaukat. Har yau in na tuna abin da ya yi sai raina ya ɓaci, don haka ku yi haƙuri in kuka ji harshena ya yi zafi.

A Dammam ta Saudiyya yake aiki, a ofishin wani kamfanin gine-gine. Wata ɗaya kacal yake samu a shekara ya zo gida. Ɗansa ɗaya ne, Hazim, ɗan shekara tara a lokacin, kuma ba shi da wani buri da ya wuce babansa ya dawo ya zauna kusa da shi.

A hutun 1993 Shaukat ya iso da kwalaye biyu. Babban talabijin ne mai kala, har da rimot. Ƙaramin kuwa atari ne.

A wurinmu duk na'urar wasan da ake haɗawa da talabijin atari ce, ko wa ya ƙera ta. Tana da abin riƙewa guda biyu, muna ce musu hannu na ɗaya da hannu na biyu. Kaset ɗinta rawaya ne, an rubuta wasa dubu tara a jikinsa, alhali wasa takwas ne ake ta sake musu launi.

Hazim ne ya roƙi atarin a wasiƙa. Ya ga wasan tankoki a gidan wani ɗan ajinsu, wanda mutum biyu ke haɗuwa su tsare gida ɗaya, tun daga ranar ya yanke cewa babansa ne zai riƙe hannu na biyu.

To amma a lokacin kowa ya yarda cewa atari yana ƙona talabijin. Babu wanda ya taɓa gani da idonsa. Kullum na ƙanin mijin wata ne ya ƙone a garin Mahalla.

Hazim ya rungumo kwalinsa ya tsaya gaban uban. "Baba, in haɗa?"

"Ka haɗa a ina?"

"A nan mana."

Shaukat ya dube shi sama da ƙasa. "A wannan? Ka san zufar da na zubar kafin in saye shi? Ɗauki abinka ka sauka wurin Zaglul. Nasa ya riga ya tsufa, ko ya ƙone ba a yi asarar komai ba."

Ku ji fa. Mutumin nan ya yi imani abin yana ƙona talabijin, sai ya zaɓi ya ƙona na maƙwabcinsa. Ni wannan rainin ne har yau na kasa haɗiyewa.

Ammu Zaglul, wato Baffa Zaglul, tsohon mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, yana zaune a hawan ƙasa da matarsa Sitt Fardus. Allah bai ba su haihuwa ba. Talabijin ɗinsu marar kala ne, maɓallin tasha ya karye sai da filaya ake murɗa shi, in hoto ya fara rawa kuma sai an mare shi a gefe.

Hazim, da yake yaro ne, ya isar da saƙon uban yadda aka faɗa, bai rage ko kalma ba. Sitt Fardus ta sha kunu nan take. Zaglul kuwa dariya ya yi.

"Babanka bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Tsohon nan ya daɗe yana neman dalilin mutuwa. Shigo, ɗana."

Kafin la'asar yaran bene duk mun cika ɗakin. Muna karɓar hannu na ɗaya bi da bi, amma hannu na biyu Hazim ya hana kowa taɓawa. Ya ajiye shi a kan matashi a gefensa.

"Na Baba ne. Ya ce zai sauko anjima."

Kwana uku hannun nan yana kan matashi. Duk motsin da aka yi a matakala sai Hazim ya waiga, tankinsa ya sha harbi.

A rana ta huɗu Zaglul ya sauko daga kujera da ƙyar, ya zauna a tabarma. "Ba ni aronsa kafin mai shi ya iso."

Ban taɓa ganin wanda bai iya wasa ba irin Ammu Zaglul. Gidan da aka ce ya tsare, shi yake fara harbewa.

"Ammu, gidanmu ka fasa kuma."

"Ai na ga ya tsufa ne, gara a sake gini."

"Hagu na ce maka, hagu."

"Shekara talatin ina cikin jirgi, yaro. Jirgi ba ya yin hagu."

In kaset ya ƙi kamawa, sai ya cire shi, ya yi bisimilla, ya hura masa iska kamar mai tofi. Sitt Fardus tana kawo mana kankana da farin cuku, tana taɓa adafta tana mita cewa ta yi zafin da za a iya dafa ƙwai a kanta.

Shaukat fa? Yana sama yana karɓar baƙi. Kowa ya zo sai an yaye masa mayafin saƙa da aka lulluɓe talabijin da shi, a danna rimot sau biyu, a kashe, a sake rufewa. In ya wuce ƙofar Zaglul zai tafi shagon gahawa, Hazim ya leƙo ya ce, "Baba, ka shigo ka gani," amsar ɗaya ce kullum: "Anjima."

Saura kwana huɗu Shaukat ya koma, talabijin ɗin Zaglul ya mutu muna tsakiyar wasa. Hoton ya tsuke ya zama ɗigo, ɗigon ya ɓace.

Hazim ya naɗe wayoyi ya hau sama da atarin. Zaglul ya bi shi yana dafa bango, mu kuma muka laɓe a matakala muna saurare.

"Baba, wasa ɗaya kawai, ni da kai, kafin ka tafi. Minti goma."

Shaukat ya kwashe da dariya. "Ban faɗa ba? Ya cinye na ƙasa, yanzu kuma nawa yake so."

Zaglul ya ce, "Abu Hazim, ba maganar talabijin ta kawo ni ba. Yaron nan kai yake jira tun ranar da ka sauka. Ni aron wurinka nake riƙe da shi, kuma ko ganin tankokin ba na yi sosai. Zauna da shi minti goma. In naka ya ƙone, ka ce ni na jawo."

"Ka jawo ka biya da me?" Shaukat ya ja tsaki. "Malam, ni ban sha ranar Dammam don in zo in baje a ƙasa ina danna maɓalli kamar marar aikin yi ba. Wanda bai haifa ba shi ke da lokacin wasa da 'ya'yan mutane."

Wallahi ina matakala amma sai da na ji maganar nan a ƙirjina. Tsoho ya biyo ɗanka ya roƙa masa minti goma, ka soka masa abin da ya fi yi masa ciwo a duniya.

Zaglul ya dafa bango. Ya juya ya sauko a hankali, ya wuce mu kamar bai gan mu ba.

Bayan mako ɗaya mai gyara ya tashi talabijin ɗin. Ya ce wani abu ne ya tsufa a ciki, ba ruwan atari. Amma Shaukat ya riga ya koma. Ranar tafiyarsa Hazim ya sumbaci hannunsa, bai yi kuka ba, kuma daga shekarar ya daina tambayar mahaifiyarsa yaushe Baba zai dawo.

Haka aka ci gaba. Sakamakon jarrabawar Hazim, hawan ƙasa yake fara shiga. Ranar da aka kira shi aikin soja, Zaglul ne ya raka shi tasha. Yarinyar da ya aura ma, Sitt Fardus ce ta fara jin sunanta.

Kada ku ce Hazim ya zama marar biyayya. Da ya tafi aiki Jamus, duk Juma'a yana kiran babansa. Minti biyar: lafiya, magani, yanayin gari. Shaukat, wanda ya yi ritaya matarsa kuma ta rasu, sai ya zauna a shagon gahawa yana cewa yaran yanzu ba su da zumunci. In na ji shi nakan tashi in bar wurin don kar in yi rashin kunya.

Bayan shekara ashirin da huɗu Hazim ya zo hutun kwana goma da 'yarsa Rim, mai shekara shida. Ya taho da wata 'yar na'ura ta zamani mai ɗauke da tsofaffin wasanni. Ya kira ni na zo. Aka haɗa ta da sabon talabijin ɗin Zaglul, wanda Hazim ya aiko masa tuntuni. Ya so ya aika wa uban ma, Shaukat ya ce nasa lafiyarsa ƙalau.

Kiɗan wasan tankoki ya hau matakala har hawa na uku. Ba a jima ba Shaukat ya aiko cewa a kawo abin sama.

Hazim ya cire na'urar ya hau da ita, na bi shi. Muka tarar da tsohon a tsaye, ya yaye mayafin da hannunsa, ya goge gilashin, har ya jawo kujeru biyu ya jera.

"Haɗa a nan," ya ce. "Ko ya ƙone ba komai."

Hazim ya leƙa bayan talabijin ɗin ya daɗe. Sannan ya miƙe.

"Baba, ba zai shiga ba. Wannan ramin eriya kawai gare shi, wayar nan kuma ta sababbi ce."

"A sayo wata wayar mana."

"Sai an nemo wani akwati na daban, ban san inda ake samu a nan ba." Ya naɗe wayar a hannunsa. "Ammu yana jira, mun bar wasa a tsakiya. In kana so ka sauko."

Ba da fushi ya faɗa ba. Da ma fushin ne, da ya fi sauƙi. Yadda ake yi wa maƙwabci magana, haka ya yi masa.

Sai bayan rabin awa Shaukat ya sauko. Ƙofa a buɗe take. Hazim yana tabarma da hannu na ɗaya. Zaglul, ɗan shekara tamanin da shida, ido ya kusa tafiya, yana riƙe da hannu na biyu, Rim a cinyarsa tana yi masa jagora.

"Hagu, Kaka, hagu. Kai, ka fasa gidanmu."

Babu wanda ya kore shi. Sitt Fardus ta yi masa sannu da zuwa, ta nuna masa kujerar baƙi da ke bakin ƙofa, ta kawo masa shayi a kofin da ake fitarwa don baƙi.

Rim ta waiga ta dube shi, ta raɗa wa babanta, amma duk mun ji.

"Baba, wannan mutumin ma zai yi wasa?"

Hazim ya ce, "Hannu biyu ne kawai, Rim."

Darasi: Yaro ba ya jiranka har abada. Minti goman da ka hana shi yau don tattalin kaya, wani zai ba shi, kuma wanda ya ba shi shi zai samu wurinka a zuciyarsa. Kada ka kare naka da na maƙwabci, kada kuma ka raina wanda ya zauna a ƙasa da ɗanka. Ku tura wa duk uban da kuka sani mai yawan cewa "anjima", ko Allah zai sa ya sauko tun da sauran wuri.