Wayar da Malam Zailani Ya Ja

Akwai wani mutum a Kusfa, cikin birnin Zariya, mai suna Malam Zailani. Bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai ya mai da bayan gidansa ɗan lambu, ya shuka zogale da latas. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Iya, wata tsohuwa mai daka yaji tana sayarwa. Dukiyarta akuya ce guda.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya zubar da gefen katangar. Akuyar ta samu hanya, ta ci latas ɗin har sau biyu.

Malam Zailani bai gyara katanga ba. Tsirarar waya ya ja a bakin gurbin, layi uku, ya ba ta wuta. Kuma daga saman mita ya jona ta, don kada ta ci masa yunit. Wato wutar ba ta bi ta fis ba, ba ta bi ta makunnin gida ba.

Kwana biyu da yin haka, aka tsinci akuyar a sandare.

Iya ta leƙo ta gurbin. "Malam, da ka faɗa mini, ai da na ɗaure ta."

"Sau biyu na faɗa miki. Na ukun, wuta ta faɗa mata."

"Ko yanka ta ban samu yi ba."

"To ki janye mushenki, kada ya yi mini wari."

Iya ta share ido da gefen mayafi. "Na bar ka da Allah. Amma ka cire wayar nan. Wuta ba ta san akuya ba, ba ta san mutum ba."

Ya yi dariya. "Iya, aji nawa kika yi? Tsaya a kan turminki."

Ba da jimawa ba taransifomar unguwa ta lalace. Aka yi kwana tara babu wuta. Cikin kwanakin ne 'yarsa Radiya ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Ba wanda ya tuna ya gargaɗe ta, domin an riga an manta da wayar.

Ranar Asabar da hantsi ta yi wanki. Igiyar tsakar gida ta cika, sai ta zagaya lambu da ragowar kayan, ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Ta ga waya a miƙe, ta fara shanya.

Malam Zailani yana falo fanka ta fara juyawa. Unguwa ta ɗauki sowa: "An kawo wuta!" Yana cikin murmushi ya ji ƙara guda daga lambu.

Ya tarar wayar ta kama Radiya, hannunta a damƙe, jikinta na karkarwa. Ya ruga ya kashe babban makunni. Fanka ta tsaya, wayar ba ta sake ta ba. Ya zare fis duka. Babu abin da ya canza. Shi da kansa ya kauce musu ranar da ya jona ta.

Ya dawo zai cafko ta.

"Kada ka taɓa ta!" Iya ce, daga wancan gefen, da silifas ɗin roba a ƙafa da busasshiyar taɓarya a hannu. Ta doki hannun yarinyar, ta raba shi da wayar.

Radiya ta rayu. Amma likitoci sun yanke yatsu uku na hannunta na dama, ba ta kuma koma makaranta ba.

Bayan an sallame ta, Malam Zailani ya sayo akuya ya kai wa Iya, kansa a ƙasa.

"Mai da ita, Malam," in ji ta. "Akuya akwai ta a kasuwa. Je ka zauna da 'yarka."

Ya koma gida ya same ta tana koyon rubutu da hagu. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Baba, wa ya ja wayar nan?"

Ta san amsar. Har yau bai iya faɗa ba.

Darasi: Tarkon da ka kafa wa maƙwabci, na gidanka yake jira. Kada a jona wuta ta bayan mita da fis, kada a bar waya tsirara. An ɗauke wuta ba ya nufin waya ta mutu, domin dawowarta ba ta sallama. Idan wuta ta kama mutum, busasshen itace ake sawa, ba hannu ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku tsare hannun wani.